Yayen Alheri

Mu bakwai ne a tsakar gidan Danjuma da ke Narayi ran nan, in an haɗa da ke. Akwai ni Saratu, kakarki. Akwai kakanki Istifanus, Allah ya ba shi hutawa, yana kan benci da rediyo manne a kunne, don ranar ce soja suka miƙa wa farar hula mulki. Akwai uwarki Rifkatu a kan tabarma, ta ajiye hannuwanta a cinya kamar kayan aro. Akwai ubanki Danjuma, ya taso daga aikinsa na matatar mai a Rido, rigarsa tana warin mai. Akwai uwarsa, Mama Talatu, ta zo daga ƙauye da kaza da ƙullin sassaƙe. Akwai Mama Nkechi mai shagon tireda a ƙofar gidan, wadda ba a kira ta ba, amma ba a taɓa yin wani abu a gidan nan ba ita. Sai ke, Alheri, ba ki kai wata shida ba, kina barci a bayana.

Kin ajiye mini waya a gaba kin ce in yi ta magana, ke za ki rubuta. To ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Na san abin da kika taso kina ji. An ce miki kakarki mai taurin kai ta cire ki daga nono kina jaririya, uwarki tana kuka, ta ɗauke ki ta tafi Kakuri. Ban taɓa musu ba, don ni na shuka maganar da kaina. Yanzu da kika haihu, na ga yadda kike kallon naki yaron in yana sha, na kuma ga yadda kike ɗago kai ki kalle ni. Na tambayi uwarki, ta ce in faɗa miki. Sai ki saurara.

Uwarki mai kitso ce. Ke ba ki san hannunta na da ba. Mata sukan taso tun daga Sabon Tasha su zauna layi a ƙofarta ranar Asabar, tana kitso tana ba da labari, ba ta ko kallon kan. Ran Lahadi kuma ita ke buga tulu a zumuntar mata ta majami'a, in ta ɗora masa hannu sai kin ji a ƙirjinki. Kafin ta sami cikinki takan ce yatsunta suna mata tsami da safe, muka ce gajiyar kitso ce. Da ciki ya shiga sai tsamin ya ɓace ɗungum, har muka manta. Ta haife ki lafiya. Na zo na zauna na yi mata wankan jego yadda aka yi mini, ruwa yana tafasa, ganye yana ciki, ban tsallake safiya ko yamma ba. Na gama na koma gidana.

Ni ba mai yawan tambaya ba ce. In ka tambayi mutum zai ce maka lafiya lau, shi ya sa nake kallo. Na ga Rifkatu tana ɗaukar kofi da tafin hannu biyu, kamar mai karɓar tsaraba. Na ga ta daina ɗaura ɗankwali, sai dai ta yafa. Na ga kan ashana a jiƙe da yawu, wato da haƙori take zaro ta. Matan kitso suka fara raguwa, ta ce hutun jego take yi. Na ce to.

Wata safiya na shigo gidan ban yi sallama ba. Danjuma ya tafi aiki. Na same ku a bayan ɗaki, ke kina cikin baho, ruwan ya huce har ya yi sanyi, leɓenki yana rawa. Uwarki tana durƙushe, ta zura damatsanta ƙarƙashinki ta tallafe miki kai don kada ki nutse. Ta iya sa ki a ruwa, amma yatsun sun ƙi rufewa ta ɗauko ki, ga sabulu yana santsi. Ba ta yi ihu ba, don kada maƙwabta su ji. Tana ta yi miki waƙa ne a hankali tana jiran Allah ya kawo wani.

Na ɗauke ki na naɗe a zanina. Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Ban daɗe ba, Mama."

Na ce, "Ba ruwan nake tambaya ba."

Sai ta miƙo mini hannuwan. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, dama da hagu iri ɗaya, da zafi kamar an ciro su daga tukunya.

Muka yi ta yawo. Kemis ya ba da na ciwon jiki, aka shafa man zafi, aka yi addu'a da azumi. Daga ƙarshe aka tura mu babban asibiti a ƙetaren kogi, aka ɗibi jini, aka ɗauki hoton hannu, aka ce mu dawo. Ranar da muka koma, likitar wata siririyar mace ce mai tabarau, Hausarta irin ta cikin gari. Ta fara yi wa uwarki Turanci, na ce mata ta yi da Hausa, ni na haifi mai hannun. Ba ta ji haushi ba. Ta juyo da kujerarta gabana.

Ta ce, "Mama, ba sanyi ba ne, ba kuma jifa ba. Kowane jiki yana da masu gadi a cikin jini. In cuta ta shigo, wanda ya fara ganinta sai ya saki wani ɗan sinadari, kamar ɗan aike, ya je ya taso sauran. Su ma su saki nasu, a yi ta tasowa. Shi ne kike ganin wuri ya kumbura ya yi zafi, faɗa ake yi a ciki. In an gama da cutar, akwai wasu 'yan aiken da ke zagawa su ce a kwanta. To a jikin 'yarki masu cewa a taso ba su daina fita ba, ga shi babu ɓarawo. Sai masu gadin suka afka wa gaɓoɓinta. In an bar su, za su cinye gurunguntsin, yatsun su karkace, kuma abin da ya karkace ba ya miƙewa."

Ni ban shiga aji ba, amma na yi shekaru a gidan haya a Kakuri, tun kakanki yana aiki a masaƙa. Ɗakuna a jere, famfo ɗaya. Duk ranar da kika ga mata biyu sun cakume a bakin famfo, ki duba da kyau, akwai ta uku a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Ita ta kai, ita ta kawo. In kika raba masu faɗa kika bar ta, gobe ma sai an yi. Don haka maganar likita ba ta yi mini wuya ba.

Na ce, "To ba a iya kama ɗan aiken?"

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "A ƙasashen waje yanzu aka fara samun allurar da ke tare ɗaya daga cikinsu a hanya, kafin ya isar da saƙo. A takarda nake karantawa, ban taɓa riƙe ta a hannu ba. Ba ta iso mana ba. Wanda nake da shi ƙwaya ce, tana rage wa masu gadin ƙarfi gaba ɗaya. Tana aiki. Amma ba a ba da nono a kanta, ba a kuma ɗaukar ciki a kanta."

Uwarki ta ce, "In na bari sai na yaye ta fa?"

Likita ta ce, "Shekara ɗaya da rabi nan gaba? Yadda nake ganin naki yana gudu, ba zan yi miki alkawarin hannu ba." Sannan ta ce, "Ni ma ina da goyo a gida. Na san abin da nake gaya miki."

Ki fahimci zamanin. A wurinmu yaro yakan sha nono har ya yi tafiya ya yi magana. Macen da ta cire jariri da wuri, abu ɗaya ake ɗauka, wato ta yi kwanika, ta sake ɗaukar ciki tana goyo. Abin kunya ne gare ta, abin kunya ne ga mijin da ya kasa haƙuri, kuma duk zawon da yaron ya yi sai a ce ya sha nonon ciki. In kuwa aka ga wata ya wuce babu ciki, sai a juya a ce ta zaɓi jikinta ta bar 'yarta. Wannan ta biyun ta fi ciwo, kuma ba ta wankuwa.

A bas muka dawo. Ban sa wa uwarki baki ba, don ba nonona ba ne, ba hannuna ba ne. Kina cinyata kina wasa da sarƙar wuyana. Muna kan gada, ruwan kogi ya fara ja saboda damina, sai uwarki ta yi magana, ba ta kalle ni ba.

Ta ce, "Mama, zan sha."

Na ce, "Kin san abin da za a ce?"

Ta ce, "Na sani. Nono na shekara biyu ne. Ni kuwa ina so in yi mata kitson makaranta. Ina so in ta faɗi in ɗaga ta. Ran nan a baho, Mama, da ba ki zo ba..."

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ce ta ƙarasa ba. To kin ji. Uwarki ce ta yanke, a kan gada, da bakinta. Ba wanda ya tilasta ta.

Shi ne aka kira taron ran Asabar ɗin. Danjuma ya gaya wa uwarsa abin da likita ta ce, yana magana yana kallon ƙasa. Mama Talatu mace ce mai kirki, kada ki ɗauke ta da wata fuska. Ta haifi da yawa ta binne wasu, ta san abin da ke kashe jariri da damina. Ta saurara har ya gama, sannan ta kwance ƙullinta.

Ta ce, "Sanyin jego ne. Ruwan wanka bai yi zafi ba. Ga sassaƙe, a dafa ta sha ta yi turare."

Na ce, "Mama Talatu, ni na yi wankan. Ki tambayi Mama Nkechi icen da na ƙona."

Mama Nkechi ta ce, "Kai, hayaƙi ya kusa kore mini kwastoma. Ruwan Mama zai fige kaza."

Kakanki ya ɗago daga rediyo, bai san inda magana ta kai ba. Ya ce, "To, an rantsar. An ce soja duk su koma bariki."

Mama Nkechi ta ce, "Baba, ka gaya wa na jikin Rifkatu, su ba su da rediyo."

Har uwarki sai da ta yi murmushi. Mama Talatu ba ta yi ba. Ta juya wajen ɗanta.

Ta ce, "Danjuma, ka ji an ce ba ciki a kan maganin nan. Har yaushe? 'Ya ɗaya za ka tsaya da ita? Kuma gobe in an ga yarinya da kofi a baki, wa za a zaga? Kai. A ce ɗan Talatu ya kasa jira."

Ubanki ba mai magana ba ne, kin san shi. Ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce, "Mama, ni nake ɓalle mata maɓallin riga da safe. Jiya na ga tana lasar miya daga kwano don cokali ya gagare ta, ta ɗauka ban gani ba. A zage ni."

Mama Talatu ta ce, "Ba kai nake tambaya ba ma. Ke Rifkatu, ɗago ki kalle ni. Ke kika ce za ki cire 'yar nan daga nono saboda yatsu?"

Na ga uwarki ta buɗe baki. Na san ta, ba ta iya ƙarya ba, za ta ce ita ce. Na kuma san maganar ba za ta kwana a Narayi ba. Za ta hau mota ta je ƙauye, ta dawo ta shiga zumunta, ta zauna a bakin kowace mai zuwa kitso, ta jira ki ki girma ta shiga kunnenki. Macen da jikinta ke cin kanta ba ta da ƙarfin da za ta ɗauki wannan a kai. Ni kuwa an riga an san ni da baƙin rai, ƙari ɗaya ba zai karya ni ba.

Na ce, "Ba ita ba ce. Ni ce. Ta ce ba ta yarda ba, na ce ni na haife ta, sai ta sha. Yarinya kuma yau zan tafi da ita, yaye ai gidan kaka ake kai shi. Mai magana ya same ni a Kakuri."

Uwarki ta kalle ni. Na zare mata ido irin wanda nake mata tana ƙarama in ta tashi yin magana a gaban baƙi. Ta rufe baki, hawaye suka zubo. Shi ne kukan da aka ba ki labari.

Mama Talatu ta ce, "Saratu, dutse ne a ƙirjinki."

Na ce, "An sha faɗa."

Ta ce, "In wani abu ya sami jikata, ke da Allah."

Na ce, "Na ɗauka."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Amma ta bar kazar, ta ce a yanka wa mai jego. Mun yi shekaru tana gaishe ni da kalma ɗaya, ni ma ina amsawa da ɗaya. Ta rasu tana ganin ni na yi, ban kuma gyara mata ba.

Abin da aka biya, ki rubuta shi duka. Kin yi zawo a daminar nan har idonki ya faɗa, na yi ta tafasa ruwa da kofi da cokali kamar mai aikin asibiti, Mama Nkechi tana aiko da madara. Kin fara kirana Mama kafin ki kira uwarki, tana tsaye ta ji. Ƙwayar ta yi ta tayar mata da zuciya, gashinta ya zube, kowane lokaci sai an duba jininta. Sau biyu aka dakatar da magani don a nemi ƙani, ciwon ya taso kamar wuta kafin ciki ya zo, aka koma kan magani. Shi ya sa kike ke kaɗai. Yatsu biyu na hagu sun karkace duk da haka, tulun zumunta kuma wata ta karɓa. Amma kitsonki na ranar shiga makaranta ita ta yi shi. Ya ɗauke ta yini guda, layin bai miƙe sosai ba, ban bari kowa ya taɓa shi ba.

Yanzu ga shi kin yi karatu, kina aiki a ɗakin gwajin jini, kin ce sunan 'yan aiken nan saitokin, kuma suna da yawa, kowa da irin saƙonsa. Bakina bai iya ba, ni 'yan aike na sani. Allurar da likitar nan ta karanta a takarda, ke kika bi hanya har ta shiga firijin uwarki. Kin ce sai da aka duba ƙirjinta ko da tarin fuka a kwance kafin a fara, don ɗan aiken da ake tarewa shi ne kuma ke tayar da gida in ɓarawon gaske ya shigo. Wannan ma na gane. Matar nan mai tsince shinkafa ta gidan hayarmu, ranar da risho ya kama labule ita ta fara kwarma ihu. Ba kashe irinsu ake yi ba, rage musu hanya ake yi. Na ga uwarki makon jiya ta ɗauki ɗanki daga baho da hannu biyu. Na fita waje na ce hayaƙi ya shiga mini ido.

To mu koma ran nan. Da la'asar na kwance ki na miƙa mata, ta ba ki nono na ƙarshe a cikin ɗaki, na ja labule na zauna a bakin ƙofa don kada kowa ya shiga. Da kika ƙoshi na goya ki, kakanki ya riƙe jakar kayanki da rediyonsa, muka nufi Kakuri. Yadda muka kwana ba zan faɗa miki ba.

Washegari Lahadi. Gari na wayewa na ba ki madara da cokali, kika tofar da rabi kika haɗiye rabi. Na goya ki na hau acaɓa zuwa Narayi. Na sami uwarki zaune a bakin gado, rigarta ta jiƙe da nono, ta riga ta haɗiyi ƙwayar farko. Na ɗora ruwa, na tsoma hannuwanta a mai ɗumi har yatsun suka ɗan saki, na gasa mata ƙirji na ɗaure da tsumma, na ɗaura mata ɗankwalin zumunta. Duk wannan tana kallonki, ba ta miƙo hannu ba, tana tsoron ki ji ƙanshin nono ki nema.

Na ce, "Tashi ki juya."

Ta ce, "Mama, ba zan iya ɗaure zani ba."

Na ce, "Wa ya ce ki ɗaure? Baya ba ya bukatar yatsu."

Ta sunkuya. Na ɗora ki a bayanta, na ja zanin na ɗaure mata da kaina, sama da ƙasa, na ƙara majanyi. Kika kwantar da kunci a tsakanin kafaɗunta kika yi shiru, kamar an kashe rediyo. Muka fita zuwa sujada a ƙafa. A ƙofar majami'a matan zumunta sun taru, na ga idanu sun sauka a kan kofin da ke hannuna. Ban jira a tambaye ni ba. Na ce musu na yaye jikata, ni na yi, Rifkatu ba ta da ciki, tana shan magani, mai neman ƙarin bayani ta san gidana.

Uwarki ta shiga gaba, kanta a sama, kina bayanta. Ni ina biye da ita dab da dab, na sa tafin hannuna a ƙarƙashinki ina ɗauke mata nauyin. Har muka kai bencinmu ban cire ba, ba kuma wanda ya lura.